Duwatsun Gonar Amarya

Ban taɓa zama a aji ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, kuma na gaya mata in ta gama sai ta karanta mini tun daga farko, kada ta ƙara gishirin da ban sa ba. Abin da ya tayar da maganar wani littafi ne da ta zo da shi hutu, mai hotunan ƙasa kala-kala. Ta ce a makarantarsu ana koya musu rabe-raben ƙasa. Na ce madalla, miƙo hannunki. Na ɗebo ta bayan ɗakina na zuba mata a tafi, na ce wace iri ce wannan? Sai ta hau neman shafi. Na ce rufe littafin, zauna.

An kawo ni garin nan ana saura kwana kaɗan Kirsimati, a shekarar babban fari, mutane ba su gama sabawa da sabon kuɗi ba. Ƙauyen nan a jingine yake da dutse, tafiyar hantsi daga Kwoi. Ni kuwa 'yar kwari ce, daga wajen Jere. A garinmu ƙasa baƙa ce, a shimfiɗe kamar tabarma, sai ka tona rami har ƙugu ba ka ji ƙarar ƙarfe ba. Ubana kuma mutum ne mai kishin gona. In fartanya ta ce ƙwas a kan dutse, dole a tsaya a tono shi a kai bakin iyaka. Wanda ya tsallake ya sha ranƙwashi. A wurinmu gona mai duwatsu gonar rago ce, har nuna ta ake yi da baki in an zo wucewa. Da wannan na girma, da shi kuma na shigo gidan miji, tare da tukwanena da akwatin kwano.

Mijina lebura ne a layin dogo a Kafanchan, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Saboda haka zaman aurena na farko da uwarsa na yi shi. Mama doguwa ce, busasshiya, gwauruwa tun kafin yaƙi. Ba ta dariya sai da dalili, dalilin kuma ba ya yawan zuwa. Ba na jin yarensu, ba ta jin namu, Hausa ce ta haɗa mu. Tawa na koye ta a bakin hanya wurin sayar wa fatake gyaɗa. Tata ta majami'a da kasuwa ce, kowa “kai” ne a bakinta, mace ko namiji. Jikata ta so ta gyara mata maganar a rubutun nan, na ce ta bar mata bakinta yadda Allah ya ba ta.

Gidan yana da al'ada. Duk matar da aka auro ana ba ta wata gayauna a can saman dutse, ana ce mata gonar amarya, ta riƙe har a auro wata. Mata uku sun riƙe ta kafin Mama. Amma ba a miƙa ta sai an hau da amarya tun daga gindin dutse har sama an nuna mata ƙasa. Bayan sabuwar shekara da kwana biyu Mama ta tsaya a ƙofar ɗakina da fartanya da gorar ruwa.

“Kai amarya, cire takalmin nan. Yau ƙafa ne zai yi karatu.”

Daga bakin rafi muka fara. Ta ɓantaro ƙasa, ta tofa miyau a tafi, ta murza har ta yi tsawo kamar tana, ta naɗe ta a yatsa ba ta karye ba.

“Wannan ka san shi, ƙasan gidanku ne. Laka. Ya sha ruwa ba ya bayarwa, ya bushe ya tsage kamar diddigen tsohuwa. Gwaza, rake, shinkafa. Wuce.”

Muka ɗan hau, ƙasa ta koma ja. Wannan ma ta murzu, amma da Mama ta lanƙwasa ta sai ta karye biyu. Ta ce ita ce mai zurfi, ita ke ba da dawa da doya, da ita ake gina rumbu. Na ce to wa ke noma ta? Ta ce, “Maza. Ba su da wauta.”

Gaba kaɗan, inda ruwan dutse ke saukowa da damina, akwai farin rairayi mai ƙyalli, in rana ta buga shi kamar an barbaɗa garin madubi. Na tsuguna ina wasa da shi, na ce, “Mama, wannan kam kyakkyawa ce.”

“Kyakkyawa, kamar mijinka. Zuba masa ruwa ka gani.”

Na tsiyaya daga gora. Kafin in ɗaga kai ruwan ya ɓace, ko alamar danshi da ƙyar. Ta ce duk abin da ka ba ƙasar nan ta gefe yake fita, taki ko ruwa. Gyaɗa da gurjiya ne kawai ke haƙuri da ita, in ka sa dawa kuwa wuta-wuta ce za ta yi maka fure. Ban sani ba ko in yi dariya kan maganar mijina, sai na haɗiye.

Daga nan hawa ya miƙe, tafin ƙafata ya fara faɗa mini gaskiya. Ƙasar ta zama tsakuwa-tsakuwa, ba ja ba, ba fari ba. Mama ta ɗebo ta kai kusa da kunnena ta murza, na ji ƙaras-ƙaras. Ta tofa miyau, ta murza, ta ƙi haɗuwa. Sai ta miƙo mini ɗan kaɗan a yatsa.

“Ci.”

Na dube ta.

“Ci mana, ba zai kashe ka ba.”

Na ɗanɗana. Akwai ɗan tsami can ƙasa-ƙasa, kamar ƙwaryar da aka taɓa jiƙa tsamiya a ciki. Ta ce shi ya sa ba a zubar da tokar murhu a gidan nan, sama ake kawo ta. Ta sara fartanya, taƙi ɗaya kawai ta shiga ta tarar da wani abu mai kamar dutse. Ta ƙara sara, sai ya marmashe kamar ƙanzo. Ta zuba mini a hannu ta ce in duba da kyau. Ƙwaya uku ne a ciki, irin waɗanda ake gani a jikin dutsen kansa: fara mai tauri, da wata ja-ja mai laushi, da baƙa mai ƙyalli wadda ke ɓarewa da farce.

“Dutse ne uwan su duka,” in ji Mama. “Yana ruɓewa, amma ba ya sauri. Farin nan ba ya mutuwa, shi ne tsakuwa, shi ne rairayi. Jan nan shi ke narkewa ya zama ƙasa. Ruwa ya zo ya raba gado: mai nauyi ya bari a sama, mai laushi ya kai wa mutanen kwari. Ƙasan ubanka ma daga irin wurin nan aka sato.”

Mama ta ce ƙasa iri biyar ce a dutsen nan. Ta biyar ɗin ba ta da gona. A tsakanin manyan duwatsu take, cikin lungu, nan kamar cikin ƙwarya guda, can kamar cikin masaki. Baƙa ƙirin, mai ƙanshi, ganye da kashin agwada ne suka ruɓe a wuri ɗaya shekara da shekaru. Mama tana ce mata ƙasar aljihu. A nan take tsira barkono da kabewa, kuma ta san kowane aljihu kamar yadda ta san awakinta.

Gonar amarya tana bayan wani ƙaton dutse, ba a ganin ta daga hanya. Faɗinta bai fi filin majami'armu sau biyu ba, a karkace take, tana fuskantar inda rana ke duka tun daga tsaka har faɗuwa. In an yi ruwa yau, jibi gefen nan ya bushe. Ƙasarta irin ta tsakuwa ce, amma ta fi ta kewaye duhu da laushi. Na tambayi dalili. Mama ta dafa wuyanta.

“Ƙasan nan ba Allah kaɗai ya sa shi a nan ba. Wuyan mata ne. Kowane rani, kwando-kwando: toka, kashin awaki, ƙasan da ruwa ya saukar. Mata huɗu. Yanzu kai ne na biyar.”

Na ji maganar, ta kuma shige ni. Amma abin da idona ke gani daban ne, domin idon ubana ne a kaina. Gonar cike take da duwatsu. Wasu a warwatse ko'ina, daga mai girman ƙwai zuwa mai girman kan jariri. Wasu kuma manya, a jere a gicciye, layi-layi a karkace, rabinsu a binne, ciyawa ta kama su. Na ce a raina, wayyo, tsohuwa ƙarfi ya ƙare, ta fara tarawa ta kasa kwashewa. Ban ce komai ba, don kada in kunyata ta. Ita kuma ta faɗa mini komai a kan ƙasa, ba ta ce uffan a kan duwatsu ba. Bayan shekaru na tambaye ta dalili, ta ce bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa mai ido biyu sai an gaya masa.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa ƙaramar 'yarta ta haihu a Kafanchan. Mama ta ɗaure kayanta ta hau motar kasuwa, za ta yi mako biyar. Ta bar ni da awaki da makullin rumbu. Tun motar ba ta ɓace ba na san abin da zan yi. Zan nuna wa matar nan cewa ba raguwa aka auro mata ba.

Kullum da sassafe in ɗaure awaki, in ɗauki fartanya da kwando da gorar kunu in hau. Ina aiki ina waƙoƙin garinmu da ƙarfi, ba mai ji sai birai. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na kwanakin nan ba. Ƙananan duwatsu in tsince a kwando, manyan in tona gindinsu in mirgina. Duk wanda na ɗaga sai in tarar da ƙasa mai sanyi a ƙarƙashi, da danshi, da fararen saiwoyi, wani lokaci kunama, alhali ko'ina a bushe yake ƙamas. Na gani da idona, ban tsaya na yi tunani ba. Abu ɗaya ya cece ni: ubana ya hana mu jefa dutse inda zai faɗa gonar wani, don haka ban gangarar da ko ɗaya ba. A kan wani falalen dutse da ke gefe na tara su. Kuma da yake ni tun ina yarinya ba na son hargitsi, sai na ware su, manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban.

Yayar mijina tana aure a ƙauyen, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, bakinta ba ya hutawa. Takan leƙo da yamma ta ga ko ina da rai. Kullum ta gan ni na sauko da ɗaurin itace, don ina haɗowa da shi.

“Matata, kullum dutse, kullum dutse? Wa kike gani a can? In biri ne ki faɗa mini, in aika wa ƙanena ya san wanda ya ƙwace masa mata.”

“Itace nake yi, Yaya.”

“Itacen nan ya isa dafa giwa. Dubi hannunki, kamar bayan kada.”

Na yi dariya na ɓoye hannu a zane. Ranar da na gama na yanko reshe na yi tsintsiya, na share gonar tas. Ta yi sumul kamar daɓen ɗaki. Na tsaya a sama ina kallo, na ce da ma ubana yana nan.

Mama ta dawo ranar Asabar, saura mako guda Ista. Zafi ya kai inda ya kai, shamuwa ta iso, kullum da yamma hadari yana haɗuwa a gabas ya watse. Ko ruwan kirki ban bari ta sha ba, na ce, “Mama, zo ki ga wani abu.” Ta dube ni, ta ajiye ƙwarya, ta biyo ni. Ina gaba ina ta murmushi ni kaɗai.

Da muka zagaya ƙaton dutsen ta tsaya cik. Ta ɗora hannu biyu a ka, yadda ake yi in an ji mutuwa. Sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta yi magana mai tsawo da yarensu, ba da ni ba. Can ta juyo.

“Wa ya tuɓe shi?”

“Ni ce, Mama.”

Ba ta zage ni ba. Ta karɓi gorata ta hau can saman gonar ta tsiyaya ruwa. Ruwan ya gangaro da gudu, ya yanka 'yar hanya, ya ɗauki baƙar ƙasa yana tafiya da ita. Ta ɗauko dutse guda ta ajiye, ta sake tsiyayawa a bayansa. Ruwan ya tsaya, ya bazu, ya nutse.

“Wannan gora ɗaya ne,” ta ce. “Dubi gabas.”

Na duba. Hadarin ya yi baƙi har yana walƙiya daga nesa. Sai a lokacin na gane cewa layukan nan ba tarin rago ba ne, su ke tare ƙasa, ƙananan kuma su ke rufe ta daga rana da dukan ruwa.

“Ruwa ɗaya, amarya. Ruwa ɗaya, wuyan mata huɗu ya sauka rafi.”

Na fashe da kuka. Ta ce in yi shiru, kuka ba zai ɗauki dutse ba. Ta taka zuwa falalen, ta daɗe tana kallon tarin nan uku.

“Kai ne ka raba su haka?”

“I, Mama.”

“Hm.”

Shi ke nan abin da ta ce. Aikin mako biyar ne, mu biyu ba za mu mayar da shi kafin ruwa ba, ga shi gobe Lahadi ba a taɓa fartanya. Hanya ɗaya ce, gayya. Mama kuwa tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa roƙon kowa ya kama mata aiki ba, kowa ya san ta da wannan. Kuma kiran gayya yana nufin ta tsaya gaban mata ta faɗi abin da aka yi a gidanta.

Bayan sujada maza suka fita, mata suka zauna zumunta. Mama ta miƙe, ta faɗi maganar da yarensu, a taƙaice, kamar mai ba da sanarwa. Ni ina can baya, kaina a cikin gwiwa. Sai wata tsohuwa mai haƙori ɗaya ta juyo ta tambaye ni da Hausa:

“'Yata, duka duka?”

“Duka, Kaka.”

“An ce har da shara?”

“Har da shara.”

Yayar mijina ce ta fara. Ta yi dariya har ta zamo daga benci ta kwanta a ƙasa tana dukan daɓe. Majami'a ta ɗauka. Matar fasto tana cewa a yi shiru a gidan Ubangiji, ita ma hawaye na zubo mata. Da suka lafa tsohuwar nan ta buga sanda ta ce gobe da sassafe kowace ta zo da gammonta, wadda ba ta zo ba amarya za ta je ta share mata gona.

Ranar Lahadin nan hadari ya haɗu ya yi ta gurnani, iska ta watsa shi. Litinin tun rana ba ta fito ba mata sun fi ashirin a kan dutse. Sai ga wata matsala. Layi ba a sa shi inda aka ga dama. In ya karkata ko kaɗan, ruwa zai bi jikinsa ya taru a gefe guda ya fasa. Dole a mayar da kowanne inda matan farko suka sa shi. Ni kuwa na cike ramukan, na share sawun da tsintsiya. Mata suka tsaya suna kallon Mama. Mama ta kalle ni.

“Wanda ya ɓatar, shi zai nemo. Na koya maka ƙasa ko ban koya maka ba?”

Na durƙusa a saman gonar, gwiwa da hannu. Da farko ban ga komai ba sai kunya. Na ɗebo nan na murza a kunne, ƙaras-ƙaras, fara-fara, ta ƙi haɗuwa. Na matsa ƙasa kaɗan na ɗebo, sai na ji laushi, ga duhu, na tofa miyau ta ɗan dunƙule. Na ƙara matsawa taƙi biyu, tsakuwa ta dawo. Ashe duk inda layi ya taɓa zama, ƙasa mai laushi ta taru a bayansa shekara da shekaru, a gabansa kuma sai tsakuwa. Tsintsiya ta share sama, ba ta share wannan ba. Na ɗauki tsinke na ja zane daidai inda baƙar ta ƙare. Na rarrafa gefe, na murza, na ja. Mama tana biye da ni tana taka wurin da tafin ƙafa. Sau biyu ta goge zanena da yatsan ƙafa ta matsar da shi. Sauran ta bar su yadda na ja.

Daga sama aka fara, don daga can ruwa ke farawa. Mata suka yi jeri tun daga falale har cikin gona, dutse yana bin hannu. Manya a kafa su a kan zane, matsakaita a cusa a tsakani, ƙanana a watsa a fili. Da yake a ware suke, ba wadda ta tsaya nema: a ce “babba”, babba ya zo. Miyau ya ƙare a bakina, sai da aka riƙa biyo ni da gora. Yayar mijina kuwa ta samu abin da take so, nan take ta ƙaga waƙa, mata suna amsawa:

“Amaryar kwari ta iya shara,
ta share ɗaki, ta share dutse.
Mata, ku ɓoye duwatsun murhu,
kada ta gani ta kai iyaka.”

Tun ina sunkuyar da kai har na fara amsawa da su. Da rana ta take tsofaffin da ba sa iya ɗauka suka hau da paten acca da yakuwa da kunu a tulu. Aka ci a tsaye. Wata ta miƙo mini ƙwarya ta ce, “Duba da kyau, matar ɗanmu, in kin ga tsakuwa a ciki ki bar ta, tana tare miya.”

Layi tara ne. Da la'asar mun gama takwas, na taran ya kai rabi, sai iska ta juya, ta zo da ƙanshin ƙasa. Kafin a ɗauko wani dutsen ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Muka ruga ƙarƙashin ƙaton dutsen muka cunkushe, jiki na gugar jiki, ido duka a kan gona.

Ruwa ya gangaro daga kan dutse ya bugi layin farko. Ya tsaya, ya taru, ya tsiyaya ta tsakanin duwatsu a hankali. Mata suka ce “Ɗaya!” Ya isa na biyu, ya tsaya. “Biyu!” Haka suka yi ta ƙirgawa da ihu, kamar masu kallon kokawa, har takwas, wata ta rangaɗa guɗa. Amma a kusurwar ƙasa, inda layi na tara bai rufe ba, ruwan ya samu ƙofa. Na ga ya fara cin ƙasar, baƙa-baƙa, yana zubar da ita ta kan dutse.

Ban san lokacin da na fita ba. Na ruga, santsi ya kayar da ni, na tashi, na isa wurin. Ba dutse a kusa, ba komai a hannuna sai kwando. Na kifa kwandon a bakin ƙofar, bai isa ba. Sai na zauna a sauran wurin, na ba ruwan baya, na baje zane. Taɓo ya taru a bayana har ƙugu.

Daga ƙarƙashin dutse na ji muryar yayar mijina ta fi ƙarar ruwa: “Jama'a, ga babban dutse ya samu! Ku kawo matsakaita!”

Sai na ji wata dariya da ban taɓa ji ba, mai kauri, kamar ana mirgina turmi. Mama ce. Ta fito cikin ruwan tana dariya tana riƙe ciki, ta zo ta zauna kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa, ta toshe ragowar. Mata suka fito gaba ɗaya, suka yi ta kawo duwatsu suna jerawa a bayanmu, suna zagin nauyinmu, har layin ya rufe. Sannan aka kama hannunmu aka ciro mu kamar rogo.

Abin da ya tafi bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, a nan dutse ya fito tsirara. Sauran duk ya zauna.

Washegari Mama ta tashe ni, ta kai ni gindin dutse, inda ruwan jiya ya sauke kayansa. Ga ƙasarmu nan kwance a kan farin rairayi, baƙa, kamar harshen saniya. Ta ɗebo, ta murza a kunne, ta tofa miyau, ta ɗanɗana, fuska a ɗaure kamar ba ita ta yi dariya jiya ba.

“Ba laka ba ne. Ba rairayi ba ne. Da na ce maka ƙasa biyar ne a dutsen nan, yanzu ya zama shida. Wannan sunansa ƙasan amarya.”

“Me ake shukawa a kanta, Mama?”

“Ba a shuka komai. Ɗaukansa ake yi.”

Ta miƙo mini kwando, ta naɗa gammo da hannunta ta ɗora mini a ka. Ta naɗa wani ta ɗora a nata.

A shekarar nan na watsa acca a layukan sama, na sa citta a bayan na ƙasa inda ƙasar ta fi kauri, na rufe ta da ciyawa yadda Mama ta nuna mini. Da kaka a kan falalen nan da na tara duwatsu muka shanya cittar, sai da ta rufe shi. Kusurwar kuwa rani uku na yi ina hawa da kwando kafin fartanya ta daina ƙara a wurin.

Shekara goma sha ɗaya na riƙe gonar, har aka auro wa ƙanin mijina mata. Lokacin Mama ƙafa ta ƙi, ni na hau da yarinyar. Na sa ta cire takalmi, na sa ta ci ƙasa, na nuna mata biyar, na nuna mata inda ta shida ke sauka. Da muka zagaya ƙaton dutsen, tun ba ta buɗe baki ba na kama hannunta na ce, “Kin ga duwatsun nan? Ko ɗaya kada ki taɓa.”

Yarinyar 'yar kan dutse ce, daga ƙauyen da ke bayanmu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Yaya, wane mahaukaci ne zai taɓa su?”

Na ce mata ta wuce mu tafi, rana tana yi.